Matsala Tukuna, Sannan Lissafi: Lacca Kan Koyar da Injiniyoyi a Kano

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu malamai, ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka.

Shekara biyar ɗalibin injiniya yake yi a jami'a a ƙasar nan, amma wuri biyu kawai hannunsa yake taɓa aiki sosai: zaman koyon aiki a masana'antu, wato SIWES da hukumar ITF, asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ta ƙirƙiro a 1973, sai furojet na ajin ƙarshe. Shi kuwa furojet ɗin, kun fi ni sani, bango ake yi masa mai kyau, a sa hannu, a jera a kanta, ƙura ta gaje shi.

A Jami'ar Aalborg ta ƙasar Denmak, wadda aka buɗe a 1974, kusan rabin kowane zango yana tafiya ne a kan aiki guda da ɗalibai suke yi a rukuni. Matsala ake fara danƙa musu. Lissafi yana biyowa baya, lokacin da suka ga ba makawa sai da shi.

To mu a Kano matsala muka rasa? A ɗauki yara biyar 'yan aji biyu, a tura su unguwar da rijiyar burtsatse mai sola ta mutu. Su auna zurfinta da tsayin tanki, su ƙiyasta jarka nawa 'yan garuwa suke ɗiba a yini. Wannan kaɗai ya haɗa darasin ruwa da na lantarki. Sannan su hau su shafa farantin sola da yatsa a tsakiyar hunturu, su ga yadda yatsan zai ja layi a cikin ƙura, su auna wutar kafin gogewa da bayanta. Wa aka ɗora wa gogewar? In na'urar famfon ta ƙone, ana samunta a Sabon Gari, ko sai an aika Legas? Kuɗin jarka yana hannun wa? A wajena, ɗorewar da ake ta ambato a taruka ke nan. Injin da mai gyaran unguwa ba zai iya kwancewa ba, tun ranar bikin buɗewa ya fara mutuwa.

Ga kuma majemun Challawa da Sharada da Bompai, da sinadarin kuromiyam da ke bin ruwan jima zuwa kogi, ga masu lambu a ƙasa suna ban ruwa. Ga siminti, wanda yin sa ke fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa, alhali Gidan Makama, ginin ƙasa, yana nan tsaye, ba mu cika tura ɗalibi ya gwada ƙarfin tubali ba.

Na san abin da malamai za su ce: aji ya cika maƙil, ba kuɗi, kuma malalaci zai fake a bayan masu ƙwazo. Gaskiya ne. Amma malalaci maganinsa sauƙi ne: a tsayar da kowa shi kaɗai a gaban aikin, a yi masa tambaya da baki. Kuma tunda COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ta samu kujerar wucin gadi a 2023 a yarjejeniyar Washintan, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniya na juna a ƙarƙashinta, masu tantancewa abin da ɗalibi ya iya za su nema, ba yawan abin da aka karanta masa ba.

Roƙona ga shugabannin sassa: kwas ɗaya tak a aji biyu, a gwada wannan tsari a kansa a zango mai zuwa. Na ga shugaban taro yana duban agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.