Amosanin Gaɓɓai da Ke Somawa Daga Huhu

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana, na baya kuna jina? To, madalla.

Amosanin gaɓɓai iri-iri ne. Akwai na tsufa, wanda gwiwa ke cinyewa saboda shekaru, wannan mu ajiye shi gefe. Na yau shi ne wanda garkuwar jiki da kanta take afka wa gaɓɓai. Yatsu da wuyan hannu su kumbura, hagu da dama a tare, mutum ya tashi da asuba hannu a sandare, butar alwala ma ta gagare shi ɗauka sai rana ta ɗaga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da shi, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne.

A Kano da an ga haka sai a ce sanyi ne, a nufi kemis. Ni kuwa tambayata ta farko ita ce: yaya ƙirjinki, akwai tari?

Ga dalili. Idan hayaƙi ko ƙura ko ciwo ya daɗe yana cin huhu, wasu furotin na jikin mutum sukan ɗan sauya siffa. Garkuwar jiki sai ta kasa gane su, kamar maigadin da maigidansa ya dawo cikin dare da baƙuwar riga, ya rufe shi da duka. Sai ta ƙera sinadaran yaƙi da su, waɗanda muke aunawa a jini da gwajin anti-CCP, tare da wani gwajin jinin na amosani mai suna RF. A 2004, masu bincike a Holan sun koma kan tsohon jinin da mutane suka bayar kyauta kafin su kamu da amosani, suka tarar kusan rabinsu sinadaran na nan tun shekaru kafin yatsa ɗaya ya kumbura. Wato ciwon ya daɗe da kwana a jiki, gaɓɓai ne dai suka ji labari a makare.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1953 likita Anthony Caplan ya lura da haɗuwar ciwon huhu da amosani a wurin masu haƙar kwal na Wales. Taba sigari ce kan gaba a abin da aka tabbatar yana ƙara haɗarin kamuwa da amosanin, musamman ga mai gadon wasu ƙwayoyin halitta, sai ƙurar dutse. Masu daɗaɗɗen ciwon toshewar hanyoyin numfashi, da waɗanda bututun huhunsu ya buɗe suna ta kaki, su ma an fi samun sinadaran a jininsu. Shi ya sa nake tunanin masu fasa dutse, da iyayenmu mata da suka shekara talatin a gaban murhu.

Amma a kula, kada takardar gwaji ta firgita kowa. Tarin fuka, wato tibi, wanda muke da shi da yawa, yakan sa RF ya nuna alhali babu amosani. Kuma wasu magungunan amosani suna danne garkuwar jiki, su tayar da tibin da ke kwance. Don haka hoton ƙirji da gwajin kaki ke gaba, kafin a ɗora mutum a kan magani.

Wanda kumburin yatsu ya kai masa mako shida, ya je asibiti, ko Murtala ko Malam Aminu Kano, ya faɗi tarin tare da ciwon hannun, ko ba a tambaye shi ba. Watannin farko ne magani irin su methotrexate ya fi hana gaɓa lanƙwashewa. Hajiya, na ga kin ɗaga hannu, bismillah.