Sauraron Bogi Sata Ne

Assalamu alaikum masu sauraro. Wata sana'a ta shigo garuruwanmu, daga Gumel zuwa Ringim har Dambatta. Yaro zai sayar da akuyarsa ya shiga situdiyo, sai dillali ya tare shi: kawo kuɗi in tara wa waƙarka dubban masu sauraro a Spotify, manhajar sauraron waƙa ta intanet. Alhali ba kunnen mutum ko ɗaya a ciki. Wayoyi ne jere a ɗaki, ko manhajar kwamfuta, suna ta kunna waƙar ba dare ba rana.

Wannan sata ce. Kuɗin masu biyan wata da na talla wuri guda ake tara su, sannan a raba wa kowa gwargwadon yadda aka saurare shi. Duk sauraron bogi daga rabon wani mawaƙi aka yanko shi, wanda ya yi gumi. Algus ne, kamar zuba yashi a buhun riɗi.

Kuma ana ganewa. Sai waƙa ta kai daƙiƙa 30 ake ƙirga ta. To idan dubban asusu suna kunna ta, da ta haura 30 su tsallake, daga na'urori ƙalilan, ba mai ajiye ta, ba mai bin mawaƙin, ko waƙar Hausa ta wayi gari duk masoyanta suna ƙasar da ba a jin Hausa, ai ba sai an tambayi boka ba. Tun 2024 Spotify ke cin tarar kamfanonin rarraba waƙa, wato masu ɗora wa mawaƙa waƙoƙinsu a manhajar, a kan kowace waƙar da aka kama, su kuma sukan sauke ta su riƙe kuɗin. A Amurka, a Satumban 2024, an gurfanar da wani mawaƙi mai suna Michael Smith bisa zargin kwashe sama da dala miliyan 10 ta hanyar sauraron bogi.

Gaskiya na'urar binciken takan yi kuskure, takan haɗa da wanda aka cusa waƙarsa cikin jerin bogi bai sani ba, kuma dole kamfanonin su saurari kukansa. Amma masu cewa ai kowa yana yi, haba jama'a! Yawan ɓarayi ya taɓa halatta sata? Dillali ya tafi da kuɗin akuya, yaro ya rasa waƙar. Masu situdiyo, ku ne kuke haɗa yaran nan da dillalan, kuma kun san sata ce. Ku daina.