Sharhi: Wai kango ne, ba kowa a ciki

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ranar Asabar, bayan sallar asuba, wani ƙanena ya ja ni zuwa wani fili da ke gefen kurmin Acimota a nan Akara, babban birnin Gana. Irin filin nan ne da mu mutanen Nima da Mamobi muke kira kango: ciyawa har ƙugu, 'yar fadama a tsakiya, sai bola a bakin hanya. Na tarar da samari da 'yan mata sun yi tsit, kowa da madubin hangen nesa a wuya da ɗan littafi a hannu. Wai kallon tsuntsaye suke yi. Ba zan ɓoye muku ba, a raina cewa na yi rashin aikin yi ne.

Kafin rana ta yi zafi bakina ya mutu. Ga balbela tana kiwo a bakin ruwa, ga cilakowa, ga shirwa tana shawagi, tunda rani ne lokacin zuwanta kudu. Can cikin ciyawa ragon maza yana kukan nan nasa kamar ana tuttule ruwa daga kwalba. Sai wata yarinya ta nuna mini wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa yana kaɗa wutsiya a bakin laka, ta ce daga Turai ya taso, ya ƙetaro hamadar Sahara, nan zai yi hutun sanyi ya koma. Ba biza, ba fasfo. Mu da muka gaji zango, ai mun san darajar masaukin baƙo.

Wadda ban gani ba ita ce ungulu. Ku tambayi dattawan mahautanmu, da can sai an kore ta da jifa. Tun 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa ta cikin waɗanda ke dab da ƙarewa: guba, farauta don tsubbu, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. To, ƙaurarta ma ba ta banza ba ce.

Na san abin da wani zai ce: Malam, mutane shida a ɗaki ɗaya, mai gida na neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, kai kana ta tsuntsaye? Gaskiya ne, ana bukatar gidaje. Amma wa ke samun gidajen da ake ginawa a irin waɗannan filaye? Ba ɗan zango ba ne. Shi rabonsa ruwan da fadamar ta saba shanyewa, wanda yanzu zai bi kwata ya cika kogin Odo ya shigo masa ɗaki. Daren 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ambaliya da gobara suka haɗu a shataletalen Kwame Nkrumah, sama da mutum 150 muka rasa. Allah ya jiƙansu.

Takarda kaɗai ba ta tsare fili. Tun 1930 aka keɓe kurmin Acimota, amma a 2022 aka wayi gari da dokar E.I. 144 mai yanke masa eka 361, har gari ya ɗauka. Tafkin Sakumono da ke hanyar Tema ya shiga jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta duniya ke karewa tun 1992, yau ku je ku ga benaye a bakinsa.

Don haka ina kira ga sarakunan zango, limamai da 'yan majalisar unguwanni: ku nemi hukuma ta mai da ire-iren waɗannan filaye wurin shan iska na jama'a, a shata iyaka, a buga a jarida kowa ya sani. Kuma don Allah kada a malale da siminti a dasa furen roba. Shinge, 'yar hanyar ƙafa, benci, mai gadi, shi ke nan. Yaranmu da ke ƙwallo a kan kwata su samu inuwa.

Da muka juyo za mu tafi, sai muka iske tifa ta juye yashi a bakin fadamar, an kuma kafa 'yan turakun siminti guda huɗu. Yarinyar nan ta buɗe littafinta, ƙarƙashin sunan baƙon Turai, ta rubuta lambar motar.