Yadda Ake Haɗa Akwatin Shuka da Tarkacen Gida

Assalamu alaikum. Jama'a masu sauraro, batun da ya tara mu yau shi ne akwatin shuka, wato wuri mai bango huɗu da ake ɗagawa sama da doron ƙasa, a cika shi da ƙasa mai kyau, a shuka kayan lambu. Ana yin sa ne inda ƙasa ta yi tauri, ko ruwa yake kwanciya, ko aka shafe fili da siminti, kuma yana rage wa tsofaffi da masu ciwon baya wahalar sunkuyo.

Bangon ba ya bukatar sabon abu. Tsohon katakon gado, ƙofar da aka cire, ragowar bulo, kwanon rufi, durom ɗin da aka raba biyu, duk suna aiki. Amma ina roƙonku, kafin ku ɗauki kowane tarkace, ku binciki abin da ya taɓa ɗauka da abin da aka shafa masa, domin abincin iyalinku ne zai tsiro a jikinsa. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda take lahanta ƙwaƙwalwar yara ƙanana. Katakon da aka jiƙa da maganin gara, musamman tsoho mai launin kore-kore, yana iya ɗauke da gubar asenik. Katakon layin dogo kuwa an tsuma shi da baƙin mai, bai dace da lambun abinci ba. Shi kuma katakon da ake ɗora kaya a kansa wajen jigila yakan zo da tambari a gefe: idan kun ga HT, da zafi aka gyara shi, ku ɗauka; idan kun ga MB, da hayaƙin maganin ƙwari aka turara shi, ku bar shi. Durom ɗin da ya taɓa ɗaukar man inji ko sinadari, ko an wanke shi, ni ban yarda a shuka abin ci a cikinsa ba.

Game da awo, kada faɗin ya wuce santimita 120, domin hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ƙasar ta danne ba. Zurfin santimita 20 ya ishi latas, amma tumatir da karas sun fi son 30 ko fiye. A zaɓi wurin da rana take samu aƙalla awa 6, a kafa turaku a kusurwoyi, a buga katakon a jikinsu, a ƙara turke a tsakiyar dogon gefe, saboda jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyin da zai bankaɗe bango.

Inda mutane suka fi shan mamaki shi ne wajen cikawa. Akwati mai faɗin santimita 120, tsawon 240 da zurfin 30 yana cin ƙasa lita 864, kuma wanda ya ce sayen ta zai yi, duk arahar katakon ta tashi a banza. Dabarar ita ce a shimfiɗa kwali a ƙasan akwatin bayan an ɓare ledar da ke manne da shi, domin ya danne ciyawa kafin ya ruɓe. A bisansa a zuba ƙananan rassa da busasshen ganye, sannan a cika saman da ƙasa gauraye da takin da ya riga ya ruɓe, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Ƙasar saman nan ita ce saiwa za ta rayu a ciki, saboda haka kada a yi mata rowa, ta kai santimita 20. Idan durom ne ko baho, lallai a huda gindinsa ruwa ya samu mafita.

Ku sani cewa ƙasar za ta lotsa yayin da rassan suke ruɓewa, don haka a riƙa ƙara taki a farkon kowace shuka. Akwati kuma ya fi fili saurin bushewa. A cusa yatsa a ƙasar kowace safiya, idan an ji ta bushe a ba da ruwa, a rufe samanta da busasshen ganye.