Darasi: Yadda direbobin kenel ke gane na'urorin da babu su a zahiri

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu shiga cikin kenel, wato zuciyar babbar manhajar kwamfuta, mu ga yadda yake gane na'ura a lokacin da shi kansa yake zaune a kwamfutar da aka ƙirƙira cikin wata kwamfutar. Wadda aka ƙirƙira za mu kira ta baƙuwa, manhajar da ke riƙe da ita kuma, irin su QEMU da KVM ko VMware, mai masauki. Direba kuwa a nan ƙaramar manhaja ce da kenel ke amfani da ita wajen tafiyar da wata na'ura.

Ku fara riƙe wannan: kenel da lamba yake aiki. Idan Linux ta tashi, sai ta bi layin PCI, wato hanyar da ake haɗa na'urori da kwamfuta, gurbi-gurbi tana tambaya, akwai wani a nan? Kowace na'ura tana da ɗan wurin bayani, kuma abu biyu na farko a ciki su ne lambar kamfani da lambar na'ura. In amsa ta dawo FFFF, babu kowa a gurbin, sai a wuce gaba.

To a cikin baƙuwa, wa ke ba da amsar? Mai masauki ne. Shi yake tare tambayar, ya mayar da lambobin da aka tsara masa. Ku duba allona, na rubuta lspci -nn, umarnin da ke jero na'urorin PCI da lambobinsu. Kun ga wannan layin mai 8086:100e? 8086 lambar Intel ce, 100e kuma wani tsohon katin sadarwa ne da direban e1000 ke kula da shi. Babu katin nan a cikin injina ko kaɗan, QEMU ce ke kwaikwayonsa. Amma kowane direba yana ɗauke da jerin lambobin da ya sani. Da zarar lamba ta dace, sai kenel ya kira aikin direban da ake cewa probe, direba ya karɓi na'ura ya fara aiki, bai ma san ba ƙarfe ba ne.

Wannan hanya tana da daɗi domin tsohuwar manhaja ma za ta yi aiki ba gyara. Sai dai tana da nauyi. Duk sanda direba ya taɓa wata rajista ta katin, wato ɗan gurbin da ake ba katin umarni ta cikinsa, dole a dakatar da baƙuwa, a koma wurin mai masauki ya yi abin da katin gaske zai yi, sannan a dawo. Wannan kai da komo shi ke cinye lokaci.

Shi ya sa aka fito da virtio, tsarin na'urorin da aka yi musamman don baƙuwa, aikin da masanin manhaja Rusty Russell ya assasa, kuma a nan nake so ku nutsu. Yanzu ku kalli baƙuwata ta biyu: 1af4:1041. Lambar 1af4 ita ce ta na'urorin virtio, 1041 katin sadarwa, 1042 kuma faifan ajiya. A nan babu ɓoye-ɓoye, direba ya san mai masauki ne a ɗaya ɓangaren. Sai su yi yarjejeniya mataki-mataki. Direba ya sake saita na'urar, ya nuna ya gan ta, ya nuna ya san yadda zai tafiyar da ita. Sannan ya karanta jerin abubuwan da na'urar ta iya, ya zaɓi waɗanda shi ma ya iya, ya kafa alamar FEATURES_OK, wato ya gama zaɓi. Daga nan zai sake dubawa ya tabbata alamar tana nan, domin in mai masauki bai amince da zaɓin ba, zai cire ta. Masu rubuta direba, kada ku tsallake wannan dubawar.

Bayan haka sai a shimfiɗa layukan saƙo a cikin ƙwaƙwalwar da su biyun ke gani. Direba ya jera buƙatu da yawa, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. Mai masauki ya kwashe, ya cika, ya ajiye a jerin waɗanda aka gama, ya aiko da sanarwa. Ƙwanƙwasa ɗaya ta ɗauki kaya masu yawa, saurin ke nan. Da zarar an gama shimfiɗa layukan, sai direba ya kafa alamar DRIVER_OK, wato ya shirya fara aiki.

Ba kowane mai masauki ke bin PCI ba. Hyper-V na Microsoft yana da nasa layin, VMBus, inda ake gane na'ura da wata doguwar lambar shaida da ake kira GUID. Kenel kan gane wane ne mai masaukinsa ta umarnin CPUID, wato tambayar da yake yi wa injin sarrafa bayanai na kwamfuta, wanda ke dawo da rubutu irin KVMKVMKVM idan KVM ne.

Mu gwada wani abu da ke ɗaure wa mutane kai. Ga shi na fara saka manhajar Windows a kan faifan virtio, kuma kun ga allon zaɓen faifai wayam. Faifan yana nan, lambarsa ma ta bayyana, direban da ya san 1af4 ne babu. Bari in saka faifan direbobin virtio, in nuna wa Windows viostor, wato direban faifan virtio. Yauwa, ga faifan ya fito.