Gora Nawa Zan Yi Gobe?

Abba: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma daga Samaru muke, kan lissafin yiwuwa za mu tattauna, ni da Malam Bashir, sai Yaya Hadiza da ta shigo mana da wani littafi duk ya jiƙe ya bushe. Yaya, wannan littafin rijiya ya faɗa?

Hadiza: Kai dai Abba ba ka rabo da tsiya. Littafin cinikin kunun aya ne, a kan kula nake ajiye shi, ƙanƙara ce ke jiƙa shi. Malam, ina wuni?

Malam Bashir: Lafiya lau Hadiza. Ya kasuwa?

Hadiza: Alhamdu lillahi, amma da damuwata na zo. Kullum gora 40 nake yi. Wata rana kafin la'asar sun ƙare, wata rana in koma gida da goma sha. Kuma kunun aya ba ya kwana, balle in babu wuta, da safe ya yi tsami sai zubarwa. Shi ne nake tunanin ko in rage.

Malam Bashir: Kwana nawa kika rubuta a littafin?

Hadiza: Kwana 60 cif. Jiya Abba ya juye mini su a Excel, manhajar nan ta lissafi.

Abba: A wayata ma na yi, da Google Sheets, duk tafiyarsu ɗaya. Layin A kwanan wata, layin B yawan gorunan da ta sayar, daga gida na 2 zuwa na 61.

Malam Bashir: To ai an gama rabin aiki. Lissafin yiwuwa ƙirga ne da rabawa. Sau nawa abin ya faru, ka raba da sau nawa aka gwada. Abba, sami gida ɗaya da babu komai ka rubuta =COUNTIF(B2:B61,40)/COUNT(B2:B61). Na farkon zai ƙirga ranakun da 40 ɗin suka ƙare tas, na biyun zai ƙirga dukkan ranakun da aka rubuta lamba.

Abba: Ya ba ni 0.6.

Malam Bashir: Wato rana 36 cikin 60, kashi 60 cikin 100. Amsar kullum tsakanin 0 da 1 take tsayawa. In ka ga ta haura 1, koma ka duba, ka yi kuskure a wani wuri.

Abba: Malam, tsaya in tambaya kafin a yi nisa. Akwai mai sauraro da na tabbata zai ce wannan ai duba ne. Sanin gobe sai Allah.

Malam Bashir: Haka yake, kuma babu wanda ya ce mun san gobe. Jiya muke ƙirgawa. Manomin Giwa da ya ƙi yin shuka a ruwan farko saboda ya sha ganin an ɗauke ruwa bayansa, duba ya yi? Abin da ya gani ne ya tara. Amma ba zan ɓoye maka ba, asalin wannan fanni a Turai wajen caca ya taso. A 1654 wasu Faransawa biyu, Pascal da Fermat, suka yi ta musayar wasiƙu kan yadda za a raba kuɗin caca idan wasa ya katse ba a gama ba. Daga baya masu inshora da 'yan kasuwa suka ɗauka.

Hadiza: Ni dai Malam a dawo kan kununa. Kashi 60 ɗin nan, in rage ko in bari?

Malam Bashir: Nawa kike samu a gora ɗaya, nawa kike asara in ta lalace?

Hadiza: A ce ribar naira 100. In ta lalace kuwa, kuɗin aya da dabino da kwakwa da ita kanta gorar, kamar 200.

Malam Bashir: To mu kalli gora ta 40, ta ƙarshe. Sai ranar da kunu ya ƙare tas ake sayar da ita: 0.6 sau 100, ya ba da 60. Sauran ranakun, wato 0.4, lalacewa take yi: 0.4 sau 200, ya ba da 80. Cire 80 daga 60, kin ga asarar naira 20 kenan a kowace rana in aka baje.

Hadiza: Ashe dai in rage.

Malam Bashir: Kada ki yi sauri. Su wa ke sayen kunun?

Hadiza: Yawanci ɗaliban ABU ne, Jami'ar Ahmadu Bello, sai masu shaguna na bakin titi.

Malam Bashir: Cikin kwana 60 ɗin nan, duk ana karatu?

Hadiza: A'a, an yi hutu a tsakiya. Samaru ta yi tsit, har masu keke napep suna ta kuka.

Malam Bashir: Yauwa. Kin zuba gero da dawa a buhu ɗaya kin auna. Abba, buɗe layin C, kowace rana ka rubuta "karatu" ko "hutu". Sannan ka sa =COUNTIFS(B2:B61,40,C2:C61,"karatu")/COUNTIF(C2:C61,"karatu"). Lura da na ƙasan, nan mutane ke faɗuwa. Ba da 60 za ka raba ba, da ranakun karatu kaɗai.

Abba: Ranakun karatu 40 ne, kunu ya ƙare a 32. Ya ba da 0.8. Na hutu kuma 20, ya ƙare a 4 kacal, 0.2.

Malam Bashir: Sake lissafin gorar ƙarshe. Lokacin karatu, 80 a cire 40, ribar naira 40. Lokacin hutu, 20 a cire 160, asarar 140.

Hadiza: Ikon Allah! Wato da na rage gaba ɗaya, da na cuci kaina lokacin karatu, ga shi kuma lokacin hutu ina ta zubar da kuɗi a kwata.

Abba: Ni kuwa ina ta shan ragowar kyauta, ban san hawayenki nake sha ba.

Hadiza: Za ka biya, Allah. To Malam, tunda ana karatu yanzu, in ƙara zuwa 50?

Malam Bashir: Wannan littafin ba zai amsa miki ba. Ba ki taɓa yin fiye da 40 ba, saboda haka ranar da suka ƙare, ba mu san ko mutum biyu ne suka zo suka rasa ba ko ashirin. Littafin abin da kika sayar ya rubuta, bai rubuta abin da aka nema ba. Ki ƙara layin D, duk wanda ya zo kika ce ya ƙare, ki ja sanda ɗaya. Bayan mako uku ko huɗu mu sake zama.

Abba: Akwai wani abu da ya ba ni wahala jiya. Wasu ranakun Yaya ta rubuta "40 gora", wasu kuma ta bar wurin babu komai.

Malam Bashir: Dole ka goge kalmar, ka bar lambar tsura. Da zarar ka haɗa ta da harafi, Excel zai ɗauke ta a matsayin rubutu, ya tsallake ta wajen ƙirga, kuma ba zai gaya maka ba. Gidan da babu komai shi ma tsallake shi yake yi. In ba ta fito kasuwa ba ne, a bar shi haka. In ta fito ba ta sayar da ko ɗaya ba, a rubuta 0, don ranar ta shiga lissafi.

Hadiza: Ranar bikin ƙanwata ce a Tudun Wada, ban fito ba, Abba ya cire ta ya ɗauko wata. Amma Malam, azumi fa? Da an sha ruwa, ko gora 60 ne za su tashi.

Malam Bashir: Shi ma buhunsa daban, a rubuta "azumi" a layin C. Haka lokacin hunturu, da wuya wanda ke rawar ɗari ya nemi kunu mai ƙanƙara. Sai dai ki kula, in kika yi ta rarrabawa har buhu ya koma kwana biyar, lambar da zai ba ki ba abin dogaro ba ce, rana ɗaya tak za ta iya juya ta.

Abba: To Yaya, gobe gora nawa?

Hadiza: Arba'in, da biro a hannu. Kai kuma miƙo 300 na wadda ka shanye tun ɗazu.