Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli na Jihar Taraba a Garba Chede

Mai girma Kwamishina, iyayenmu sarakuna, hakimai da dagatai, ardo-ardo, malamai da sauran jama'a, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Labarin ƙwazonka ya riga ka isowa ƙaramar hukumar Bali, don haka ba za mu cika ka da yabo ba. Kukanmu ɗaya ne, kuma da shi za mu fara: a turo mana malaman daji.

Kakanninmu sun tarar da dajin nan cike da madobiya, maɗaci, kawo da ƙirya, sun kuma san haƙƙinsa. Da rani makiyayi zai hau madobiya ya sassaro wa shanunsa ganye, ya sauko ya bar ta tsaye, baɗi ya dawo ya same ta. Masassaƙi zai zaɓi ƙirya guda ya fitar da turmi da ƙota. Haka aka zauna har shekaru goma da 'yan kai da suka wuce, lokacin da dillalai suka shigo da zarto mai inji, suka laƙaba wa madobiyarmu suna Madrid. Garin nan ya koma matattarar gungume. Dare da rana tireloli na lodi zuwa Legas, daga can a kwantena zuwa ƙasar Sin, inda ake ƙera kujeru da gadaje masu tsadar gaske. Samarinmu suka bar gona da makaranta suka shiga daji, wasu gungume ya karya su. Riba ta bi jirgin ruwa, mu aka bar mu da kututture da hanyoyin da manyan motoci suka farfasa.

A 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Mun yi murna, amma takarda ba ta gadin daji. Masu sara sun nausa ciki, har suna lallaɓawa wajen Gashaka-Gumti, gandun dajin ƙasa mafi girma a Najeriya, masu gawayi kuma sun auka wa ƙirya.

Shi ya sa muke sake roƙo, ranka ya daɗe: malaman daji, masu albashi da babura, a ɗauke su daga cikin 'ya'yanmu da suka san kowace ƙorama. Muna kuma son wurin renon dashen madobiya da gyaran hanya, amma dashen da ba mai tsaronsa awaki da gobarar daji ne za su cinye shi. In ɗaya za a yi mana bana, to a yi na farkon. Sarakunanmu sun shirya ba da fili don ofishin malaman dajin.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai Jalingo lafiya.

Kwamitin tarba, a madadin al'ummar Garba Chede